Yadda Ake Cin Moriyar Assassin's Creed III Remastered Tare da Kauce wa Aibobinsa

A ranar 29 ga Maris, 2019, kamfanin Ubisoft ya sake fitar da wasan bidiyon nan Assassin's Creed III bayan ya yi masa kwaskwarima, shekara shida da 'yan watanni da fitowarsa ta farko a ƙarshen Oktoban 2012. Labarin wasan ya faru ne a gabashin Amurka ta Arewa tsakanin 1754 da 1783, wato daga yaƙin da Ingila da Faransa suka gwabza a kan mallakar yankin har zuwa ƙarshen yaƙin neman 'yancin Amurka. Jarumin wasan shi ne Ratonhnhaké:ton, wanda aka fi sani da Connor, ɗan wata mata 'yar ƙabilar Mohawk da wani Bature ɗan Ingila. Ina cikin masu ƙaunar wannan wasa, kuma saboda ƙaunar ce nake ganin bai kamata mutum ya shige shi da ka ba, domin alherinsa yana can ciki, aibobinsa kuwa a bakin ƙofa suke tarbar baƙo.

Mataki na farko: san abin da za ka saya

Akwai bambanci tsakanin wasan da aka rushe aka sake ginawa daga tushe da wanda aka yi wa sabon yaɓe aka bar gininsa yadda yake. Wannan na biyun ne. Reshen Ubisoft na Barcelona ya ɗauki aikin da reshen Montreal ya yi a 2012, ya sauya tsarin haske, ya ƙara wa bango da tufafi da ganyaye kyan gani, ya ƙara yawan jama'a a tituna, sannan ya taɓa wasu abubuwa na sarrafa jarumin. Labari, tsarin ayyuka da yadda abokan gaba suke tunani duk suna nan kamar da. Wanda ya zo yana zaton zai tarar da santsin wasannin da suka biyo baya, irin su Origins na 2017 ko Odyssey na 2018, zai sha mamaki.

Kunshin yana da kauri. Ban da ainihin wasan, an haɗa da ƙarin labari mai kashi uku, The Tyranny of King Washington, da ayyukan da suka shafi Benedict Arnold, hafsan da ya ci amanar rundunar Amurka a 1780, da kuma wani wasa sukutum mai suna Liberation. Abin da aka cire shi ne sashen da ake karawa da wasu mutane ta intanet. Ka kuma sani cewa wasa ne da aka keɓe wa manya, akwai jini da kisa a fili, saboda haka ba na yara ba ne.

Mataki na biyu: zaɓen na'ura

A PlayStation 4 da Xbox One wasan yana tafiya a kan hoto 30 a daƙiƙa, kuma PS4 Pro da Xbox One X suna nuna shi da kaifin hoto na 4K tare da HDR, wato tsarin da ke ƙara fito da bambancin haske da duhu da launi. Na'urorin Xbox Series suna iya ɗaga shi zuwa hoto 60 ta hanyar tsarin FPS Boost, kuma bambancin a bayyane yake musamman lokacin faɗa da gudu a kan bishiyoyi. A kwamfuta ana buƙatar buɗe asusun Ubisoft, da sarari sama da gigabait 40, abin da ya kamata mai sayen data da kuɗinsa ya lissafa tun kafin ya fara saukewa.

Na Nintendo Switch, wanda ya fito ranar 21 ga Mayu, 2019, shi ne mafi rauni. Bai samu yawancin gyaran hasken da sauran suka samu ba, yana sarƙewa a wuraren da jama'a suka yi yawa, kuma an matse sautinsa har kunne yana ji. Amfaninsa shi ne ka ɗauke shi duk inda za ka, kuma ɗaukewar wuta ba ta katse maka wasa. Idan kana da zaɓi, ka bar shi a ƙarshen layi.

Mataki na uku: gyara haske kafin ka yanke hukunci

Babban ƙorafin da aka yi wa wannan kwaskwarima tun ranar da ta fito shi ne fuskokin mutane. Sabon hasken ya yi wa gine-gine da daji kyau ƙwarai, amma a wuraren hira, inda kyamara take matsowa kusa, ya wanke inuwar da ke ba fuska siffarta. Sai ka ga kumatu suna ƙyalli kamar an shafa musu man kaɗe, idanu sun firfito, tsoho da saurayi fatarsu ɗaya. A wasan 2012 an tsara kowane zama da duhunsa da haskensa, kamar ɗakin shan giya na Green Dragon da ke Boston inda ake ƙulla shawara a hasken kyandir, kuma sabon tsarin ya zo ya haske wuraren da aka bar su da duhu da gangan.

Abin yi guda uku ne, kuma a jere. Da farko ka haɗa na'urar da intanet ka sauke duk gyare-gyaren da kamfanin ya fitar daga baya, domin sun rage matsalar fuskokin sosai, ko da yake ba su kawar da ita ba. Wanda ya sayi faifai na hannu ya kunna ba tare da sabuntawa ba, mafi munin siffar wasan zai gani. Na biyu, ka shiga wurin saiti ka rage haske kaɗan daga inda aka ajiye shi, har sai inuwa ta koma baƙa ta daina zama ruwan toka. Na uku, idan talabijin ɗinka mai HDR ne amma ba mai ƙarfi ba, ka gwada wasan da shi ka gwada babu shi a wuri guda, sannan ka zauna a kan wanda ya fi fito da launi.

Bayan haka ka fita daji da hantsi ka tsaya ka duba. Hasken rana yana ratsowa ta tsakanin rassa, ruwan rafi yana walƙiya, kuma idan hunturu ya shigo Connor yana nutsewa cikin dusar ƙanƙara har gwiwa, tafiyarsa ta yi nauyi, sawunsa ya bi shi a baya. A nan ne aikin Barcelona ya biya kuɗinsa.

Mataki na huɗu: haƙuri da babi biyar na farko

An raba labarin zuwa babi 12, kuma a ukun farko ba ma Connor kake sarrafawa ba. Mahaifinsa ne, Haytham Kenway, tun daga wani gidan wasan kwaikwayo a Landan a 1754, zuwa doguwar tafiyar jirgin ruwa, zuwa Boston. Daga nan sai ƙuruciyar Connor, da ƙone ƙauyensu, da zuwansa wurin tsoho Achilles Davenport neman horo. Sai a ƙarshen babi na 5 yake sanya rigar da ke jikin kwalin wasan, kuma kafin nan mai wasa ya kwashe kusan sa'o'i 5 ana koya masa abu ɗaya bayan ɗaya.

Kwaskwarimar ba ta taɓa wannan ba ko kaɗan, kuma nan ne mutane da yawa suke ajiye wasan. Shawarata ita ce ka bi labarin kai tsaye a waɗannan babobi, kada ka tsaya tsintar takardun da iska ke kaɗawa a kan rufin gidaje ko buɗe akwatuna, domin duk za ka iya dawowa gare su da Connor. Ka saurari Haytham da kyau. Mutum ne mai natsuwa, mai iya magana, kuma abin da ya faru a ƙarshen babi na 3 shi ne ginshiƙin duk abin da zai biyo baya, har ya sa rigimar uba da ɗa ta zama mafi daɗin abin da ke cikin labarin. Ba zan faɗe shi a nan ba.

Mataki na biyar: koyi faɗa da sanɗa da sababbin dabaru

Faɗan wasan ya ginu ne a kan jira. Idan soja zai kawo hari, alama ja tana bayyana a kansa, sai ka danna maɓallin karewa, lokaci ya ɗan lafa, sannan ka zaɓi abin da za ka yi: ka kashe shi, ka ƙwace makaminsa, ko ka jefar da shi. Ƙananan sojoji kowace dabara tana cin su. Ƙattin da ke riƙe da gatari da hafsoshi masu takobi suna tare sara kai tsaye, sai ka fara karya musu kariya ko ka raba su da makami. Idan ka ga sahun masu bindiga sun jeru sun saita ka, ka cafki wanda ke kusa ka yi garkuwa da shi. Da zarar ka gane waɗannan, faɗan ya zama mai sauƙi, har ya yi sauƙi da yawa, domin mutum ɗaya yana iya gamawa da runduna da ƙaramin gatarinsa ba tare da ya ji jiki ba. Kyansa a ido ne, motsin Connor yana da nauyi da zafin nama, amma ba ya gwada basirar mai wasa sosai.

A ɓangaren sanɗa ne aka yi gyara mai amfani. Yanzu kana iya yin fito daga cikin ciyawa ka jawo mai gadi ya zo inda kake laɓe, an sauƙaƙa kashe mutum biyu lokaci guda da ɓoyayyun wuƙaƙe, kana iya saita baka ko bindiga da kanka maimakon jiran wasan ya zaɓa maka, kuma ƙaramar taswirar da ke kusurwar allo tana nuna inda kowane mai gadi ya fuskanta. Ka saba da kallon wannan taswira kafin kowane motsi. Duk da haka masu gadin ba su da tabbas, wani lokaci su hango ka daga nesa ta bayan gini, wani lokaci ka wuce ta gabansu ba su ankara ba.

Idan aka fara nemanka a gari, kada ka bari abin ya kai mataki na uku, domin a nan ne ake sako maka sojojin haya na Jamus masu wuyar kashewa. Ka yage takardun cigiyarka da aka manna a bango, ko ka ba sanƙira cin hanci ya sauya shela, ko ka biya mai ɗab'i ya daina buga hotonka.

Mataki na shida: rabu da sharuɗɗan ƙari a zagayen farko

Wannan shi ne matakin da na fi so mai karatu ya riƙe. Kusan kowane aiki yana zuwa da sharuɗɗa na ganin dama: kada a gan ka, kada ka rasa lafiya fiye da kaza, ka kashe wane ta hanyar dirowa daga sama. Idan ka saɓa, sai rubutu ja ya fito a allo kamar ka yi laifi, alhali labarin zai ci gaba ba tare da wata tangarɗa ba. Masu wasa da yawa suna ta maimaita aiki ɗaya sau goma saboda wannan jan rubutu, har wasan ya fita daga ransu. Sharuɗɗan suna neman daidaiton da sarrafa Connor ba ya bayarwa, domin maɓalli ɗaya ne na gudu da na hawa, sai ka nufi lungu da gudu shi kuma ya ɗafe katanga ko ya haye ganga.

A yaƙin Bunker Hill, misali, ana so ka ratsa sansanin sojojin Ingila ka dira a kan hafsansu John Pitcairn ba tare da kowa ya gan ka ba. A bin Charles Lee, babban abokin gaban Connor, na ƙarshe kuwa, ana so ka kutsa cikin cunkoson tashar jiragen ruwa da wani jirgi mai cin wuta, kuma kuskure kaɗan ya mayar da kai baya. Ka wuce su ta kowace hanya ta samu. Wasan yana ba da damar maimaita kowane aiki daga baya, lokacin da hannunka ya faɗa kuma makamanka suka ƙaru. Haka ma ayyukan bin sawu da na satar jin hira, waɗanda suka yi yawa: ka bi ta cikin jama'a a ƙasa, domin titunan Boston da New York suna da faɗi, gidajen gajeru ne, kuma rufinsu cike yake da masu gadi.

Mataki na bakwai: ba daji, gida da teku lokacinsu

Daga babi na 6 duniya take buɗewa, kuma a ganina mafi kyawun wasan yana wajen babban labarin. A daji ka bar doki, domin yana cijewa a kan kowane dutse da kututture. Ka hau bishiya. Ka nemi wadda ta faɗi ta jingina ko mai reshe biyu kamar gwafa, daga nan hanya take buɗewa reshe bayan reshe, har ka yi tafiya mai nisa ƙafarka ba ta taɓa ƙasa ba. Wajen farauta, fatar dabbar da aka kashe da wuƙa ko aka kama da tarko ta fi tsada, harsashi kuwa yana ɓata ta, saboda haka ka zuba abin jan hankali, ka laɓe a ciyawa ko a reshe, ka jira.

Sai gidan Davenport. Duk lokacin da ka ga alamar aikin gida a taswira, ka je. Kowane aiki yana kawo sabon mazauni: masu saran itace, kafinta, mafarauciya, mai haƙar ma'adinai, manoma mata da miji, maƙeri, tela, likita. Sannu a hankali kangon tsoho ɗaya ya zama ƙauye, ana aure, ana haihuwa, ana rigima a shirya. An sha zargin Connor da ɗaure fuska da saurin fushi, kuma a babban labarin zargin yana da tushe, amma wanda ya bi waɗannan ayyuka zai ga mutum mai kunya da tausayi, wanda ke zuwa neman likita da gudu saboda matar maƙwabci tana naƙuda. Wanda ya tsallake su bai san jarumin ba. A nan ma za ka tarar da wasannin allo na zamanin, ciki har da wani da ake jera ƙwayoyi uku a layi a ci na abokin karawa, wanda duk mai buga dara zai gane shi nan take.

Aibin wannan sashe shi ne kundin ciniki. Ana so ka sayi kaya daga mazauna, ka haɗa su a ƙera wani abu, ka loda wa ayari ya kai kasuwa, amma shafukan suna da wahalar bi, kuma kuɗin ba su da wani babban amfani in ban da gyaran jirgi. Hanya mafi sauƙi ita ce ka riƙa aika fatu masu tsada, ka zuba ribar a jirginka.

Jirgin, mai suna Aquila, shi ne abin da ya fi burge mutane a 2012, kuma har yau bai tsufa ba. Gudunsa hawa uku ne: tsayawa, rabin ƙyallen iska, da cikakke. Ka rage zuwa rabi idan za ka juya ko kana tsakanin duwatsu, ka jera gefen jirginka da na abokin gaba kafin ka saki igwa, ka yi amfani da ƙananan bindigogi masu juyawa a kan ƙananan jirage, kuma da ka ga an yi maka ruwan wuta ko igiyar ruwa ta taso, ka umarci ma'aikata su duƙa. Ka fara ƙarfafa jikin jirgin kafin komai. Daga wannan sashe ne aka gina wasan da ya biyo baya, Black Flag na 2013.

Mataki na takwas: raba tarihi da ƙirƙira

Wanda ba ya son a ɓata masa labari ya dakata a nan sai ya gama labarin. Wasan yana sa ka a tsakiyar abubuwan da suka faru da gaske: harbin da sojojin Ingila suka yi a Boston ranar 5 ga Maris, 1770, inda mutum 5 suka mutu, zubar da akwatunan shayi 342 a teku ranar 16 ga Disamba, 1773, karon Lexington da Concord a Afrilun 1775, hunturun da rundunar Amurka ta yi a sansanin Valley Forge, da yaƙin ruwa na Chesapeake a Satumban 1781. Ka riƙa buɗe bayanan da wasan yake ajiyewa a kan kowane mutum da wuri, domin akwai ilimi a ciki. Sai dai rigimar ƙungiyoyin asiri biyu, Assassins da Templars, da ke juya komai ƙirƙira ce, haka ma sashen Desmond, mutumin 2012 da ke sake ganin rayuwar kakansa Connor ta wata na'ura, da halittun da ake cewa sun riga mutane. Charles Lee na gaskiya zazzaɓi ne ya kashe shi a Philadelphia a 1782. Thomas Hickey, wanda shi ma Connor ne ke kashe shi a wasan, rataye shi aka yi a Yunin 1776. George Washington kuwa, wanda daga baya ya jagoranci rundunar Amurka, ya ajiye aikin soja a ƙarshen 1758, saboda haka ɗora masa ƙone ƙauyen su Connor a 1760 da wasan ya yi ƙagen marubuta ne.

Amma ƙagen yana da saiwa. A 1779 Washington ya tura Janar John Sullivan ƙasar Iroquois, wato ƙawancen ƙabilun da Mohawk ke ciki, aka ƙone garuruwa kusan 40 da gonakinsu. Yawancin Mohawk sun mara wa Ingila baya ƙarƙashin Joseph Brant, Oneida da Tuscarora kuma suka bi 'yan neman 'yanci, yaƙin ya raba ƙawancen da ya daɗe. Abin da ya sa nake girmama wannan wasa shi ne bai ɓoye wannan ba. An nemi shawarar 'yan Mohawk na Kahnawake a Kanada, ana magana da harshensu a ƙauyen, kuma a ƙarshe, ranar da jiragen Ingila suka bar New York a 1783 jama'a suna murna, Connor ya waiga ya ga ana gwanjon bayi a bakin tashar, ya koma ƙauyensu ya tarar mutanensa sun tashi.

Mataki na ƙarshe: abin da za ka buga bayan labarin

Ka ajiye The Tyranny of King Washington sai ka gama, domin mafarki ne na abin da bai faru ba, inda Washington ya naɗa kansa sarki, Connor kuma ya sami ƙarfin kerkeci da gaggafa da beyar. Liberation ya fi cancantar lokacinka. An yi shi ne tun asali don ƙaramar na'urar PlayStation Vita a 2012, shi ya sa ayyukansa gajeru ne kuma fuskokinsa sun fi nuna shekaru. Jarumarsa Aveline de Grandpré ce, 'yar wani attajiri Bafaranshe da wata mata 'yar asalin Afirka da aka bautar, a New Orleans ta shekarun 1760 da 1770, lokacin da birnin ya koma hannun Sifaniya har mazauna suka yi bore a 1768. Tana sauya shiga iri uku, kuma kowace da dokarta: a shigar attajira masu gadi suna karɓar cin hancinta amma ba ta iya hawa gini, a shigar baiwa tana ɗaukar kaya ta shige cikin ma'aikata ba a kula ta ba, a shigar yaƙi kuma tana da dukan makamanta amma ido yana kanta. Ka sayi ɗakunan sauya tufafi a unguwanni daban-daban tun da wuri, domin yawancin ayyukan suna sauƙaƙa ne idan ka isa wurin da shigar da ta dace.